Gwaggon 'Ya'yanta

Dokar gidan guda ɗaya ce, kuma Yaya ne ya kafa ta tun ranar da Mai Guga ta shigo da yaranta biyu da akwatin ƙarfe: daga yau yaran nan nasa ne.

Ba ƙwace ya yi ba. Yaya ba ya ƙwace, bayani yake yi. A lokacin bai daɗe da samun aikin koyarwa a wata makarantar masu hali ba, irin wadda ake shuka furanni a bakin ƙofarta, kuma a can 'ya'yan ma'aikata kyauta suke karatu. 'Ya'yan cikinsu, ban da na dangi. Shi da matarsa ba su samu haihuwa ba. Ita ƙanwarsa ga yara biyu, ga miji da ya fita neman aiki wata safiya ya manta hanyar gida. Ba wanda ya san iyalin Yaya a makarantar tukuna. Don haka shi zai zama Baba, matarsa Mama, ita kuma Gwaggo.

Ta ce to, a makaranta ke nan. Ya ce a'a, har a gida, domin yaro abin da ya saba faɗa a tsakar gida shi zai faɗa a aji. Ta tambaye shi sai yaushe. Ya ce sai sun gama. Ta yi masa godiya har da hawaye, kuma ya karɓi godiyar.

A lokacin babbar ta yi wayo, ta san uwarta sarai. Ita ce ake kira Lauya, saboda ko ruwa aka aike ta ɗebowa sai ta ji dalili. Ƙaramin kuwa, Auta, bakinsa bai gama buɗewa ba. Yanzu Lauya tana ajin ƙarshe, jarrabawar fita ta ƙarato, Auta kuma ya iya rubuta sunan Yaya a bayan nasa ba kuskure.

Ɗakin Mai Guga yana bayan gida, kusa da tankin ruwa. A da ɗakin ajiyar kaya ne. Da farko su uku suke kwana a ciki, sai matar Yaya ta lura da danshin bangon, ta ce zai sa wa yaro tari, aka mai da Auta cikin gida. Daga baya aka ce budurwa mai karatu tana bukatar tebur da fitila mai kyau, aka mai da Lauya. Danshin bai hana a bar uwarsu a ciki ba.

Kullum da sassafe takan goge kayan makarantarsu a kan akwatin ƙarfen, ta kai bakin ƙofar falo, ta miƙa. Nan iyakarta. Matar Yaya ce ke sa wa Auta riga, ta ɓalla masa maɓalli, ta shafa masa mai a fuska. Mai Guga takan tsaya tana kallo ta gefen labule, hannunta yana motsi shi kaɗai, domin matar Yaya kullum sai ta bar wuyan rigar a karkace.

"Auta, ka gaida Gwaggo."

"Gwaggo ina kwana."

"Lafiya lau, ɗan Yaya."

Daga nan sai shago. Shagon wanki da guga ne a bakin titi: injinan wanki a ciki suna gurnani, dogon teburi a tsakiya, kaya a rataye cikin leda har rufi, ga zafi kamar an rufe mutum a tukunya. Rabin masu kawo kaya iyayen yaran makarantar Yaya ne, don haka dokar ta biyo ta har nan. A shagon kowa ya san Mai Guga ba ta taɓa haihuwa ba.

Abokiyar aikinta, wadda ake kira Rediyo don ba a kashe ta sai an tashi aiki, ta ɗauki wannan a matsayin larurar da ya wajaba ta magance. Yau ta kawo mata labarin wani direba da matarsa ta rasu, gobe na wani mai gyaran injin da ya ce yana son mace mai haƙuri. In kuwa 'ya'yanta suka ɓata mata rai, sai ta sauke a kan teburin guga tun safe har azahar, ta rufe da cewa, "Ke dai kin huta, 'yar'uwa. Wanda bai haifa ba ba zai gane ba. Ki ci ki sha ki yi barcinki, wa ya fi ki?"

Mai Guga takan ce haka ne, ta fesa ruwa a kan riga, ta danna dutsen guga. Tururi ya taso ya rufe mata fuska. Amfanin sana'ar ke nan: kowa idonsa ja ne.

Lauya kaɗai ta ƙi dokar, ita ma a ɓoye. In ta dawo makaranta takan zagaya bayan gida kamar za ta ɗebi ruwa, ta faɗa kan katifar uwarta da takalmi da komai, ta ce, "Umma, na gaji." Wannan kalmar ce abincin Mai Guga na yini guda. Sai dai a 'yan watannin nan kalmar ta fara zuwa da ƙaya. Yarinyar takan ɗauki ɗan madubin da ke kan taga ta daɗe tana duba fuskarta, ta tambayi hancin nan na wa ne, goshin nan na wa ne. Ta ce a aji ana cewa ta gado ƙwaƙwalwar Baba, ita kuma sai ta yi murmushi kamar ɓarauniya. Ta ce takardar da za ta fita da ita ma sunan wani za ta ɗauka, duk inda ta je a duniya da shi za a kira ta.

"Yayana ne, ba wani ba," in ji uwar.

"Yayanki ne, ba ubana ba. Ni fa Umma ko ƙawa ba na iya yi. Da mun fara shaƙuwa sai ta ce za ta zo gidanmu, sai in fara tunanin inda zan ɓoye ki."

Ta faɗi haka ne da dariya. Daga baya ta ga fuskar uwar, ta tashi ta fita ba sallama.

Da damina ta kama Auta ya kwanta zazzaɓi. Mai Guga ta jiyo kukansa tun daga bayan gida, ta jiƙa tsumma ta shiga falo ba tare da an kira ta ba. Yana kwance a doguwar kujera, leɓɓansa sun bushe. Ta durƙusa ta ɗora masa tsumman a goshi, kamar yadda ta yi masa yana jariri. Ya buɗe ido, ya ga ita ce, ya ture hannunta.

"Ni Mama nake so."

Matar Yaya ta zo ta ɗauke shi, ya cusa kai a wuyanta ya yi shiru. Ba mugunta a fuskar matar, tsoro ne irin na gaske, kuma wannan ya fi ciwo. Aka tafi asibitin da ma'aikatan makarantar ke zuwa. A bakin ɗakin likita nas ta ce uwar yaro kaɗai za ta shiga. Mata biyu suka ɗaga ƙafa a tare. Yaya ya yi gyaran murya. Mai Guga ta mai da ƙafarta, aka ba ta takalman Auta ta riƙe. Ta zauna a benci da takalma a cinya tana jin ihunsa lokacin da ake masa allura, yana kiran wata.

Da ya warke, ta sami Yaya yana gyaran takardun ɗalibai a baranda. Ta zauna a ƙasa, ta gaishe shi, ta ce ba ta zo ɓata komai ba. A bar makaranta yadda take. Abin da take roƙo kawai a gaya wa Auta gaskiya a cikin gida, ya san wadda ta haife shi, in ya so ya ci gaba da cewa Gwaggo.

Yaya ya cire tabarau. In ya cire tabarau, to jawabi zai yi. Ya ce ya karanta ilimin halayyar yara, kuma ba abin da ke ruguza yaro irin a girgiza masa tushe yana wannan shekarun. Ya ce uwa ta gari ita ce mai duba amfanin ɗanta, ba daɗin ranta ba. Ya ce ita suna take nema, shi kuwa gobensu yake ginawa. Ya tambaye ta ko akwai ranar da yaran suka kwana da yunwa, ko aka koro su daga aji. Ta ce babu. Ya ce to.

Matar Yaya tana jin su daga ɗakin girki, sai ta fito tana share ido da gefen zani.

"Gwaggon yara, me na rage shi da shi? Ki faɗa a gaban yayanki. Kashinsa da fitsarinsa ni na wanke. Yanzu da ya zama mutum za a ce masa ni ba kowa ba ce?"

"Ban ce haka ba, Anti."

"Ba sai kin ce ba."

Ƙarshenta Mai Guga ce ta ba da haƙuri. Yaya ya mai da tabaransa, ya ce ya yafe, amma ta rage shiga falo in ba an kira ta ba, tana rikita yaron.

Abin da ya fasa ƙwan bai taka kara ya karya ba. Wata ranar hutu da hantsi tana wanki a bakin tanki, Auta ya fito da safarsa mai datti ya jefa mata. Ta sauka a kafaɗarta. Ya ce ta wanke yanzu, kuma ta goge masa farar rigarsa. Ta ce to, in ta gama wannan. Ya buga ƙafa ya ce yanzu, ai aikinta ke nan a gidan, don shi ake ba ta ɗaki.

Yaro ba ya ƙirƙiro irin wannan magana. Mai Guga ta cire safar daga kafaɗa ta tsoma a ruwa. Amma Lauya tana bakin ƙofa da littafi a hannu. Ta ajiye littafin, ta kama kunnen Auta ta ja shi har gaban bahon wanki.

"Dube ta da kyau, mara kunya. Wannan ita ta haife ka. Ita ta haife ni. Uwarka kake jifa da safa."

Auta ya dubi matar da ke tsugune, kumfa har gwiwar hannu, tabon dutsen guga a wuyan hannunta. Ya dubi ɗakin da ke bayanta. Ya fashe da kuka kamar an zage shi, ya ruga cikin gida.

Aka yi ta lallashi. Aka ce masa Lauya tsokana take yi, aka saya masa mota mai batir. Yaya ya hana Lauya zuwa bayan gida. Kowa ya ɗauka magana ta mutu. Amma ta zauna a cikin yaron tana cinsa. Ya daina gaida Gwaggo, in ya hango ta sai ya canza hanya. Ranar da malamarsu ta ce kowa ya zana iyalin gidansu, ya zana mutum huɗu a cikin gida da wata ƙarama a waje kusa da tanki, sai ya ɗaga hannu ya tambayi malama ko zai yiwu gwaggon mutum ta haife shi, domin yayarsa ta ce haka.

Malamar ta kai maganar wurin Shugabar makaranta. Shugaba ta ce tana son ganin iyalin gaba ɗaya, har da gwaggon.

Da la'asar ɗin ranar Yaya ya zo ɗakin bayan gida. Tunda ta tare bai taɓa shiga ba, sai da ya sunkuya don kada ƙofar ta buge shi. Ya dubi bangon, ya kau da kai. Wannan karon bai cire tabarau ba. Ya ce in gaskiya ta fito, aikinsa ya tafi, kuma ba makarantar da za ta sake ɗaukarsa. Lauya ba za ta zauna jarrabawa ba, duk shekarun nan sun bi ruwa. Auta zai koma gida. Su biyar za su tsaya a titi. Ya ce shi bai taɓa neman komai a wurinta ba, yau ce rana ta farko.

"Magana ɗaya ce, ƙanwata. Wadda kike faɗa kullum. Gobe ma ki faɗe ta."

"A gabansa, Yaya?"

"Ai don shi ake yi."

Yana fita Lauya ta shigo, ashe tana bayan tanki. Ta durƙusa ta riƙe gwiwoyin uwarta. Ta ce su faɗi gaskiya kowa ya huta. Ta ce jarrabawa ba ta ƙare a duniya ba, za ta yi wata shekarar, da sunanta na gaskiya. Su kama ɗaki ko ina ne, su uku. Ita ma za ta koyi guga.

Mai Guga ta kama hannun 'yarta ta juya shi. Tafin mai laushi, sai ɗan kanta a yatsa inda biro ke zama. Ta ajiye nata kusa da shi.

"Umma, in kika faɗa a gabansa, shi ke nan fa. Ba zai sake yarda ba ko ya girma."

"Na sani."

"To?"

"Je ki yi karatu."

Ofishin Shugaba yana da sanyin na'ura da kofunan gasa a jere cikin gilashi. Shugabar dattijuwa ce mai magana a hankali. Ta ba kowa kujera, har Mai Guga, wadda ta zauna a bakin tata kamar za a ce ta tashi. Ta ce ba ta son zargin ma'aikacinta, amma doka doka ce, an taɓa kama wasu da irin wannan. Ta ce takardu ta gani, ba su take nema ba, baki take son ji. Sai ta juyo.

"Baiwar Allah, yaran nan na wa ne?"

Auta yana tsaye tsakanin kujeru, bai jingina da kowa ba. Wuyan rigarsa a karkace. Idonsa yana kanta, kuma ta san kallon: irin wanda yake yi wa nas in ta ɗauko allura. Da ta ga ko ɗigon fata a idon nan, da wataƙila bakinta ya ƙi. Ba ta gani ba. Yaron roƙonta yake kada ta zama uwarsa.

"Na Yayana ne, ranki ya daɗe."

"Ke ba ki da naki?"

"Ban taɓa haihuwa ba."

Muryarta ba ta yi rawa ba. Shekaru ta yi tana gwaji a kan Rediyo.

Shugaba ta juya ga Lauya, ta tambaye ta me ya sa ta gaya wa ƙaninta irin wannan magana. Lauya ta daɗe tana kallon uwarta. Uwar tana kallon kafet. Yaya ya motsa a kujera.

"Wasa nake masa," in ji Lauya.

Auta ya saki numfashi har kafaɗunsa suka sauka. Ya haye cinyar matar Yaya duk da ya wuce hawa cinya, ya juyo ya yi wa yayarsa gwalo.

"Ai na ce miki ƙarya ne."

Aka yi dariya. Shugaba ta ce wa Lauya irin wannan wasa ba shi da kyau, musamman a kan baiwar Allah da ba ta samu nata ba, tana fama mata ciwo ba ta sani ba. Ta sa ta ba gwaggonta haƙuri a take. Lauya ta bayar, da ladabi, kalma bayan kalma. Da za su fita, Shugaba ta dafa kafaɗar Mai Guga ta yi mata addu'ar Allah ya ba ta nata masu albarka. Mai Guga ta ce amin.

Shugabar mace ce mai adalci, kuma ta ji nauyin zargin da ta yi wa mutumin kirki. Kafin zangon ya ƙare, ɗaya daga cikin gidajen ma'aikata na cikin makaranta ya zama babu kowa, ta ba Yaya. Gida mai kyau, ba danshi. Sharaɗinsa ɗaya: ma'aikaci da matarsa da 'ya'yansa.

Yaya ya yi bayani. Ya ce ba shi ya yi dokar ba. Ya ce in ya ƙi karɓa za a yi tambaya, kuma ita ta san abin da tambaya ke jawowa. Ya ce ya riga ya yi magana da mai shagon, akwai ɗan ɗaki a bayan injinan wanki, ta ma huta da tafiyar safe. Ya ce ƙofarsa a buɗe take, sai dai ta riƙa sanar da shi kafin ta zo, saboda masu gadi. Matar Yaya ta ba ta tsohon labulen falo da tukwane biyu, ta rungume ta ta yi kuka sosai.

Ranar tashi Mai Guga ce ta naɗe kayan yaran ta jera a jaka. Auta ya riga kowa shiga gaban mota, yana danna duk abin da hannunsa ya kai. Da aka ce ya yi wa Gwaggo sallama, ya ɗaga hannu bai juyo ba. Tun daga ofishin Shugaba ya koma gaishe ta, hankalinsa ya kwanta.

Lauya ta fito daga ƙarshe, rungume da littattafai. Tun ranar ofis ba ta zagaya bayan gida ba. Mai Guga ta matsa kusa da ita, daidai inda ƙarar mota za ta rufe magana, inda ba mai ji sai su biyu. Ta gyara mata ɗankwali. Ta jira.

Lauya ta dube ta ido cikin ido. Fuskar ba fushi, ba hawaye, an share ta tas.

"Sai wata rana, Gwaggo."

Ta shiga mota ta ja ƙofa.

Yanzu duk ƙarshen mako direban makaranta yakan ajiye jakar kayan wankin gidan Yaya a shago. Matar Yaya ta ce ba mai iya musu guga kamar Gwaggon yara, kuma hakan zai sa ta ji ana yi da ita. Mai Guga ba ta bari kowa ya taɓa jakar. Takan zazzage aljihunan Auta ɗaya bayan ɗaya: marfin kwalba, guntun alli, wani lokaci dutse mai santsi. Daga gwiwar wando take sanin ya faɗi. Daga tabon tawada take sanin har yanzu yana tauna biro. In ta ga ƙafar wandon ta fara ɗagewa, sai ta sa reza ta warware kalmasar, ta sake ta kaɗan, ta ɗinke, ta danne da dutse har tsohon layin ya ɓace. Ta haka take sanin tsawon ɗanta.

Kayan Lauya ba sa zuwa. An ce ita ke wanke abinta. Sakamakon jarrabawa ya fito, ta fi kowa, aka liƙa hotonta a bakin ƙofar makaranta tsakanin furanni, da sunan Yaya a ƙasa da manyan baƙaƙe. Wata mai kawo kaya ce ta ba da labari a shago. Ta ce ai ba mamaki, 'yar malami ce, jini ba ya ɓuya. Ta ƙara da cewa mutumin kirki ne ƙwarai, shekara da shekaru yana riƙe da wata ƙanwarsa da ba ta da kowa, har aiki ya sama mata.

Haka ake faɗa, kuma haka za a ci gaba da faɗa. Ba wanda ya daki kowa a gidan nan. Ba wanda ya ɗaga murya. An ciyar, an tufatar, an ilimantar, kuma duk abin da aka karɓa daga hannun matar nan sai da ta ce to, ta yi godiya a kai. In ana neman mai laifi a kai shi gaban hukuma, ita ce ta yi ƙarya da bakinta a gaban shaidu.

Rediyo ta leƙo ta ga ɗan wandon a kan teburi, ta ga yadda Mai Guga ke bin ƙafarsa da dutse a hankali, ta kaɗa kai.

"Ɗan wani ma kina masa haka, ina ga naki? Wallahi 'yar'uwa, da kin haihu da kin iya uwa."

Mai Guga ta fesa ruwa, ta danna dutse. Tururi ya taso.